Bushiya da Baƙon Lambunta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, mun matso.

Bushiya ce ta shuka alayyafo da kuɓewa a bayan ɗakinta. Sun fara kyau ke nan, sai fara ta dira tana cinye ganyen. Bushiya tana cikin wannan damuwa sai ga Kwaɗo, rana ta gasa shi.

Ya ce, "Iya, a taimake ni da inuwar kuɓewa."

Bushiya dai akwai rowa. Ta ce, "Kai ma ganyen ka zo ci?"

Ya ce, "Ina ni ina ganye? Masu cinsa nake ci."

Ta ƙyale shi ya zauna. Ba a jima ba fara ta ƙare, alayyafo ya sake tohowa. Tun daga nan, in ta zo ban ruwa, Kwaɗo take fara kwara wa, yana lumshe ido.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na baro su.