Mai Kiwon Kifi da Ya Kasa Sa Hannu a Aljihu

Akwai wani mutum da ya haƙa tafki a bayan gidansa, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa ɗari biyu. Tun kafin su kai tsawon yatsa ya miƙe a ikkilisiya ya yi alkawari cewa ranar bikin godiyar girbi kowa zai ci kifi daga tafkinsa.

Mutumin nan kuwa yana ƙaunar kifinsa, har abin ya yi yawa. Kowace safiya sai ya kamo su ɗaya bayan ɗaya, ya juya wannan, ya matsa cikin wancan, ya gwada su da kamu ya ga ko sun ƙaru tun jiya. Wanda bai ƙaru ba har faɗa yake sha.

Ana nan sai wani farin abu kamar auduga ya fito a jikin kifin. Funfunar ruwa ce. Suka daina ci, bakwai suka taso ciki sama. Hankalinsa ya tashi, domin bikin saura wata biyu. Sai ya ƙara himma, ya koma duba su safe da yamma, mutuwa ma ta ƙara himma.

Ya kira wata tsohuwa, 'yar gidan masunta. Ta ɗaga kifi ɗaya, ta nuna masa cewa funfunar ba ta kama ko'ina ba sai inda yatsu suka goge santsin fata, kuma santsin nan shi ne rigar kifi. Ya tambaye ta magani.

Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, sauya ruwa, ka zuba gishiri kaɗan. Babban maganin kuwa, ka sa hannunka a aljihu."

Ya sha wuya kafin ya iya hana kansa taɓa su, har matarsa ta ɓoye komar kamun kifin a rumbu. Amma ranar biki kifi ya ishi kowa, tsohuwar ta samu kan kifi biyu.

Ma'anar misalin nan ita ce: kifin su ne 'ya'yanmu da sababbin masu bi. Mugunta tana nan kewaye da su kullum, kamar funfuna cikin ruwa, amma ta wurin rauni take shiga. Yawan bincike da gori da gwada su da 'ya'yan maƙwabta, su ne ke buɗe raunin. Ku ciyar da su, ku tsabtace gidan da suke zaune, ku yi musu addu'a. Girma aikin Allah ne. Kafin ka tambayi wanda ya ɓata maka yaro, ɗan'uwa, dubi yatsunka.