Marsiyyar Ɗan Fari

An yi wani sarki a Birnin Dargaza, ana ce da shi Jatau, mai ƙarfin mulki da saurin fushi, wanda Allah ya jarrabe shi da rasuwar ɗansa na fari, Yarima Zubairu, saurayin da gemu bai gama fito masa ba. To, kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, in ya mutu kuma ba ya yi masa kuka a gaban jama'a. Sarki ya riƙe al'adar nan har bakin kabari, aka binne yaro idon sarki a bushe. Amma baƙin cikin da aka hana wa ƙofa, mai shi yake ci. Barci ya ƙaurace wa sarki, abinci ya fita ransa, sai ya umarta a gina wa mamacin ƙubba mai tsawo, kowane gida ya ba da babban ɗansa don aikin, alhali kuwa damina ta yi tsaka.

Bayan haka ya tara sha'irai a fada, ya ce, "Ina son marsiyya, waƙar makokin da za ta fitar mini da hawaye. Wanda ya iya ya yi arziki, wanda ya kasa kuwa harshensa ba shi da amfani, a datse shi." Mutum biyu suka gwada, suka zuba balaga da fasaha, wannan ya kira Yarima wata, wancan ya kira shi zaki, idon sarki ko gezau. Hauni, mai zartar da hukunci, ya yi aikinsa. Wallahi duk sa'ad da na iso nan a labarin sai jikina ya yi sanyi.

Saura dattijo guda, Malam Tanimu, wanda ya tsufa cikin littattafai har bai san farashin gishiri a kasuwa ba. Ya tafi wurin Waziri Ma'azu, ya ce, "Allah ya ja zamanin Waziri, na duba marsiyyoyin magabata kaf, ban ga abin da ya fi na 'yan'uwana ba, ga shi kuma an ga yadda suka ƙare."

Waziri ya ce, "Allah gafarta Malam, rufe littattafan nan. Su sun nemi kuka a cikin tawada, shi kuwa kuka a cikin mutane yake. Birnin nan babba ne, ka taka da ƙafarka, ka buɗe kunne, ka rufe baki."

Malam ya fita yana ta gunaguni, wai me zai koya wurin 'yan kasuwa. Ya bi ta mabuga inda ake bugun shuɗi, sai ya tsaya cak, don ya ji saukar sanduna tana da kari mai nauyi wanda bai taɓa gani a littafin aruli na awon waƙa ba, ya riƙe shi a ransa. Ya bi ta mahauta, ya ga saniya tana lasar igiyar da aka kwance ɗanta daga jiki. Ya ratsa marina, ya leƙa maƙera, ko'ina tsofaffi ne ke aikin samari. In ya ce, "Baba, ina yaranku?" sai a ce, "Suna aikin ƙubba," a sunkuyar da kai.

Can wajen la'asar, a wani lungu mai taɓo, ya jiyo mace tana niƙa a bayan zana, tana waƙa a hankali:

"Wancan da na goya ban kira ba,
Wancan da na shayar ban yaba ba,
Ni na yi kara, ƙasa ba ta yi ba."

Malam ya yi sallama. Wata tsohuwa mai suna Ladingo ta fito, hannu duk gari. Ya ce, "Iya, wa kike wa wannan waƙa? Yaya sunansa?"

Ta ce, "Haba Malam, ɗan fari ne, ai ba na faɗa. Da yana da rai kunya ta hana ni, yanzu kuwa in na rufe ɗaki na kira shi, ba mai amsawa." Ta share ido da bayan hannu, ta ce, "Wa ya taɓa gini da ɗanyen tubali da damina? Bango ya rufto musu, shi da 'yan'uwansa. Fadawa suka ce kada a ɗaga wa sarki hankali yana makoki, aka ɗora sabon gini a kansu."

Allah Sarki! Malam ya sami waƙarsa, ya kuma san ita ma tana iya cinye masa harshe. Da ya gaya wa Waziri, sai Waziri ya ce, "Na sani, tsoro ne ya ɗinke mini baki. Gobe a kusa da kai zan tsaya, abin da ya same ka ya same ni."

Da fada ta cika, Malam ya miƙe, ya ɗauki karin mabuga, ya ɗora kalmomin tsohuwa a kai. Bai ambaci sunan Yarima ba, bai yi kirari ko ɗaya ba, waƙar uba kawai ya yi, wanda ɗansa ke rarrafowa wurinsa yana kau da kai, yana cewa a ransa akwai gobe. Fadawa suka fara kallon hauni. Sai aka ga amawalin da ya rufe bakin sarki yana rawa, ya buɗe baki da ƙarfi ya ce, "Zubairu!" Tun da aka raɗa wa yaron suna ba a taɓa jin sa a bakin ubansa ba. Sarki ya yi kuka har rawaninsa ya jiƙe.

Da ya natsu, ya ce, "Malam, a wane littafi ka samo wannan?"

Malam ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a bakin dutsen niƙa na samo. Ta wata uwa ce, ɗanta na fari yana ƙarƙashin ƙubbarka, kuma ba shi kaɗai ba ne." Waziri ya matso, ya durƙusa gefensa, ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Hauni ya taka gaba. Sarki ya ɗaga masa hannu ya koma. Nan take ya sallami samarin birni zuwa gidajensu, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Malam, ya ce daga yau ba mai hana shi magana a fada. Sa'an nan ya aika aka zo da Ladingo, ya ce ta roƙi abin da take so.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba na son komai. A tono mini shi, a yi masa sutura kamar ɗan Musulmi."

Sarki ya sa aka rushe ƙubbar har ƙasa, ya tsaya cikin ruwan sama ana fito da gawawwaki ɗaya bayan ɗaya, iyaye mata suna kiran sunayen da ba su taɓa kira a fili ba.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, sarkin da ya ji zafin nasa kaɗai, makoki ya yi; sai ya ji na talakawansa ake ce masa adali.