Ya Ɗora Wa Mamaci Laifinsa

Akwai wani matashi a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja, abokan aiki suna ce masa Ɗan Gayu. Teburinsa na jikin na wani dattijo, Baba Shiru, wanda ya koya masa aikin tun bai san komai ba.

Baba Shiru ya kwanta ciwo, Allah ya yi masa rasuwa. Kofin shayinsa ma ba wanda ya iya ɗaukewa daga teburin.

Ba a jima ba wani kantin magani ya kira a fusace. Manhajar da aka yi musu ta daina gargaɗi kan maganin da wa'adinsa ya ƙare, har sun sayar wa wata uwa lalataccen maganin tari, ɗanta yana asibiti.

Ɗan Gayu ne ya goge layin gargaɗin, saboda yana hana shi gama aiki da wuri. Da ya ji abin da ya faru, sai ya mayar da agogon kwamfutarsa baya, ya sake ajiye canjin da sunan marigayin.

A wurin taro ya sunkuyar da kai a gaban Anti, shugabar sashen. "Anti, ban so in faɗa ba. Aikin Baba ne na ƙarshe. Ciwo ya ci ƙarfinsa, Allah ya yafe masa." Har da goge ido.

Anti ta buɗe tarihin aikin a gaban kowa. Tsarin da suke amfani da shi yana ajiye duk canjin da aka yi wa fayil, kuma kowane canji a manne yake da wanda ya gabace shi.

"Kwanan wata kowa na iya murɗa shi," in ji ta. "Amma wannan canjin a kan gyarana yake zaune, wanda na yi bayan mun dawo daga ta'aziyyar Baba. Daga kabari ya taso ya ɗora?"

Ta juyo ta kalli Ɗan Gayu, ta ce:

"Tir! Kuskure kowa na yi, da an gyara. Amma mutumin da ya riƙe hannunka?"

Na kusa da shi ya ja kujerarsa gefe. Ranar Ɗan Gayu ya kwashe kayansa, ya miƙa hannun sallama, kowa ya kau da kai.

Darasi: In ka yi kuskure, ka amsa shi da bakinka. Wanda ya jingina laifinsa ga wanda ba zai iya kare kansa ba, mutuncinsa yake zubarwa. Ku tura wa abokan aikinku su karanta.