Munzali da Kofuna Biyu a Gonar Inabi

Akwai wani injiniya mai suna Munzali, mutumin Gusau, mazaunin Woodbridge a Amurka. Aikinsa duba lafiyar gadoji a wani kamfani, kuma babu abin da yake ci masa rai kamar a ba shi shugabancin sashensu, kujerar da ya daɗe yana hange.

Shugabarsu, Madam Constance, tana da wata ƙungiya ta masu ɗanɗana giyar inabi. Ranar Asabar sukan zaga gonakin inabi na jihar Virginia, kowa ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a bokiti, sannan ya faɗi abin da harshensa ya ji. Munzali ya lura duk wanda ya samu ƙarin girma sai da ya zauna a wannan teburin. Shi ke nan, bawan Allah ya kai kansa.

Shi fa bai taɓa sha ba, kuma ba ya fashin salla. Maimakon ya faɗi haka, sai ya ƙirƙiro dabara. Ya juya kofi, ya shinshina, ya kai kusa da leɓe, da idon mutane ya kauce ya tuntsurar a bokiti. Sai ya gyara murya:

"Wannan tana da tsamin tsamiya, can ƙasa kuma akwai ɗan baurin kanya."

Kai, zo ka ga murna wurin Turawa! Ba su san kanya ba, sai ya zauna yana yi musu bayanin itatuwan gida. Kafin ka ce me, sunansa ya koma mai harshen zinariya. Shi kuwa kan ya kumbura, har ya fara gyara wa masu sha da gaske magana.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. Ran Juma'a yana sahu a masallaci, zuciyarsa tana kan gobe. Ya ce zai daina, sai ya tuna kujera. Ya ce zai faɗi gaskiya, sai ya tuna yawan ƙaryar da ya riga ya shirga. Haka zai zauna cikin cunkoson motoci a babban titin 95, ya riƙe sitiyari, gaba ba hanya baya ba hanya.

Mutum ɗaya ne ya gane shi: Katung, abokin aikinsa ɗan Kafanchan, Kirista, shi ma ɗan ƙungiyar, wanda ya san giyar inabi da gaske. Ya taɓa jan shi gefe ya ce, "Malam Munzali, wasan nan naka ba zai ƙare da daɗi ba."

Munzali ya yi dariya. "Haba Katung, ko kishi kake yi?"

Wata Asabar suka je wata ƙaramar gona bayan garin Manassas. Mai gonar, wani dattijo, ya ajiye kofuna biyu a tsakiyar tebur. Ya ce inabin iri ɗaya ne, ɗaya daga kan tudu, ɗaya daga gangare. Ƙamshinsu ɗaya, harshe kaɗai ke raba su.

Madam Constance ta tura kofunan gaban Munzali. "Kai za ka fara, gwaninmu."

Kowa ya zuba masa ido. Ya shinshina na farko, ya shinshina na biyu, wallahi duk ɗaya. Gumi ya keto masa duk da sanyin wurin. Madam ta matso masa da bokiti ta ce ba sai ya haɗiye ba. Ya ɗaga kofin, ya nufi bakinsa da shi.

Sai Katung ya yi magana da Hausa, a hankali: "Ɗan'uwa, ajiye kofin nan. Ni addinina bai hana ni ba, kai naka ya hana ka."

Munzali ya ajiye. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce da su shi Musulmi ne, bai taɓa sa giya a bakinsa ba, duk abin da ya faɗa musu hanci ne da ƙirƙira.

Babu wanda ya yi dariya. Dattijon ya tashi ya kawo masa ruwan inabi marar maye.

Ran Litinin Madam Constance ta kira shi ofis. Ta ce, "Da tun farko ka ce ba ka sha, da ruwan lemo za mu ba ka, ka zauna tare da mu. Sunanka ne na farko a zuciyata kan kujerar nan. Amma Munzali, wanda zai kwatanta ɗanɗanon abin da bai ɗanɗana ba, ya zan yi in yarda da sa hannunsa kan gadar da ban ga ya hau ba?"

Aka bai wa wani kujerar. Har yau, duk rahoton da Munzali ya rubuta, sai an tura wani ya sake duba gadar.

Ni dai labarin nan ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Darasi: Kada ka ɓoye addininka don neman shiga, kuma kada ka ba da shaida kan abin da ba ka sani ba. Gaskiyar da kake jin kunyar faɗa yau ta fi sauƙi a kan wadda za a tilasta maka faɗa a gaban jama'a. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu aiki a ƙasar waje.