Gimbiyar Mama Afiniki

Ku matso, ku ajiye hira, yau abin gardama na kawo muku. Na ga wasu sun fara yatsina fuska don sun ji za a ambaci alade. Ku yi haƙuri, labarin na uwa ne da 'ya'yanta.

A wani ƙauye na kudancin Kaduna, inda kusan kowane gida ke kiwon aladu, akwai wata tsohuwa, Mama Afiniki. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da alade mace guda, wadda yake kira Gimbiya. Da kakannin Gimbiya ya fara kiwo, da su ya raini yaran. In tsohuwa ta zuba mata dusa tana sosa mata baya, sai ta ji kamar maigidan na tsaye a gefenta. Gimbiya na da ciki sa'ad da zazzaɓin aladu ya shigo, cutar da ba allura ba magani. Dabba ta ƙi ci, kunnuwanta su yi ja, kafin a ankara ta tafi. Abin tausayi, mutanen ƙauyen masu zumunci ne, cutar kuwa zumuncin take bi: takalmin mai zuwa jaje, aron alade namiji don barbara, rabon nama.

Babban ɗanta, Habila, direba ne mai kai aladu kasuwa. Shi ya lura duk gonar da motoci suka shiga, mutuwa na biye. Ya zo ya tsaya a bayan danga, ya ce, "Mama, kada ku bar kowa ya kusanci Gimbiya, har ni. Cutar na iya zama a takalmina." Mutumin da bai taɓa wuni bai ci tuwon uwarsa ba, wata uku cur ta saman danga yake gaishe ta. Takan koma ɗaki ta share hawaye. Ba don shi ba, da ba wanda ya san ta inda za a tare cutar.

Ta biyu, Briskila, tana aure a unguwar gaba. Aladun surukanta suka fara kwanciya, aka yanka, aka raba nama kamar yadda aka saba. Uwar mijinta da kanta ta ɗauko cinya a kwano ta nufi gidan Mama Afiniki, wadda ba ta iya mai da kyauta ba, kuma ruwan wankin naman a kwamin Gimbiya zai ƙare. Briskila ta sha gaban surukar tata, ta durƙusa a tsakiyar hanya, ta ce, "Mama, ku yafe mini, naman nan ba zai shiga gidan uwata ba." Kun dai san surukai. Aka ce ta raina su, aka daina amsa gaisuwarta, ta haɗiye. Uwarta ta ji kunya, ta kuma ji tausayinta.

Autan, Irmiya, yana da nasa aladun a bayan gida, da su yake shirin aure. Ranar da ya ga jan kunne a jikin ɗaya, wani dillali ya ce masa ya sayar da sauran tun kafin a gane. Irmiya ya dubi kaji da karnukan da ke zirga-zirga tsakanin ɗakin aladunsa da na uwarsa, ya ɗauki gatari da shebur. Ya kashe su duka, har masu kama da lafiya, ya binne a rami mai zurfi, ya ƙone ɗakin da tufafinsa. Aka ɗaga auren. Tsohuwa ta ga hayaƙin, ta kasa cin abinci.

Da cutar ta wuce, Gimbiya kaɗai ta rage a ƙauyen. Ta haihu lafiya, sai dai duk maza ne, mace guda ɗaya tak, kuma tsufa ya sa ba za ta ƙara ba. Wanda aka ba 'yar nan, shi zai riƙe irin aladun ubansu. Mama Afiniki ta rungume ta, ta dubi 'ya'yanta uku zaune a tabarma ɗaya bayan doguwar rabuwa, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai miƙa hannu.

To, jama'a, tsohuwa ta gaji da riƙo. A hannun wa za ta ajiye ta?