Mutum-mutumin Aro

Akwai wata malamar jami'a a ƙasar Romaniya mai suna Dakta Ilinca Muşat. Shekara uku ta kwashe tana tsara sabon digiri na farko a fannin ƙera mutum-mutumi, wato na'urorin da ke aiki da kansu. Abin da ya rage shi ne hukumar tantancewa ta zo ta amince. Idan ta ƙi, sai an sake jiran shekara biyu.

Ƙa'ida ta ce cikakken farfesa ne zai jagoranci shirin, saboda haka aka ɗora Farfesa Horaţiu Cernat. Yana karɓar kundin tsarin karatun ya zaftare rabin awannin aikin hannu, ya cusa tsofaffin darussan abokansa don kada su rasa ajin koyarwa.

Ilinca ta faɗa ofishinsa ranta a ɓace.

"Farfesa, da alli da allo yaran nan za su ƙera mutum-mutumi?"

"Yarinya, sassauta murya. Tun kina rarrafe nake cika wa hukuma takardu. Sha kofi ki huce."

Bai tsaya nan ba. Ana saura kwana biyu baƙi su iso, ya aro wani ƙaton hannun mutum-mutumi daga masana'antar surukinsa. Aka girke shi a ɗakin gwaji, aka liƙa masa tambarin jami'a.

Ranar tantancewa, shugabar tawagar, wata dattijuwa mai suna Farfesa Zamfir, ta zagaya na'urar sau biyu, sannan ta dubi Ilinca.

"Dakta, ɗalibai nawa za su yi aiki a kan wannan kowane mako?"

Ilinca ta san ƙarya ɗaya za ta ceci wahalarta ta shekara uku. Amma ta tuna yaran da za su fito da takardar shaida alhali ba su taɓa ɗaure ko da ƙusa ɗaya ba.

"Ko ɗaya, ranki ya daɗe. Na aro ne. Ranar Juma'a zai koma wurin mai shi."

"Kin haukace ne?" Cernat ya daka mata tsawa. "Kin kashe mana shiri!"

"Kai ka kashe shi, Farfesa. Ni gawar kawai na ƙi yi wa kwalliya."

Hukumar ta ƙi amincewa. Wata shida malaman sashen ba sa amsa gaisuwar Ilinca. Sai dai rahoton da hukumar ta rubuta ya yi zafin da jami'ar ba ta iya ɓoye shi ba. Aka sauke Cernat, aka maido awannin da ya zaftare, aka sayi na'urori na gaske.

Bayan shekara biyu, ɗalibai arba'in suka shiga ajin farko. Ilinca ba ta yi musu jawabi ba. Ta ce kowa ya naɗe hannun riga.

Darasi: Wanda ya yi wa masu dubawa ado da kayan aro, ba su ya cuta ba, yaran da za su zauna a ajin ya cuta. Faɗin gaskiya yana iya jinkirta aikinka, amma ba zai rusa shi ba. Ku tura wa duk wanda aka ba amanar karatun 'ya'yan mutane.