Igiyar da Tassiou Ya Yanke

Akwai wani direba a Greensboro mai suna Tassiou, mutumin Agadas, wanda ya sha tuƙa manyan motoci a Sahara kafin ya zo Amurka. Idan ana maganar inji, ba ya barin kowa ya kai aya.

Ya sayi tsohuwar mota mai shan gazuwal, wato dizal, yana kwasar kayan da 'yan Nijar ke aikawa gida, ya kai inda ake loda kwantena. A hancin motar akwai igiyar lantarki tana reto.

Maƙwabcinsa Dabo, wanda ke da irin motar, ya ce masa, "Malam Tassiou, in sanyi ya sauka, ka jona wannan a bango. Ita ke ɗumama inji."

Tassiou ya bushe da dariya. "Mota ce ko dutsen guga? Ina tuƙi kana rarrafe, Dabo." Nan take ya sa wuƙa ya yanke ta.

Wata safiya cikin Janairu ƙanƙara ta rufe gari. Mota cike da kayan mutane, kwantena za ta tashi ranar, inji kuwa ya ce bai san zancen ba. Sai gwanin namu ya tuna dabarar Sahara. Ya hura gawayi a murhun shayi, ya tura ƙarƙashin inji, ya koma cikin gida ya ɗumama hannu.

Ya manta injin yana yoyon mai.

Ihun matarsa Fourera ya fito da shi. Gaban mota na ci bal-bal, amanar mutane tana baya. Wallahi, mutumin nan mai baki ya sandare.

Dabo ne ya fasa ƙofar baya, shi da Fourera suka yi ta jan akwatuna har 'yan kwana-kwana suka iso. Kaya sun tsira, mota ta zama gawayi.

Dabo ya je ya zare igiyar motarsa daga bango, ya murɗa makulli sau ɗaya, mota ta tashi.

"Malam, mu loda. Kwantena ba ta jira."

Tassiou ya sunkuyar da kai. "Dabo, in mun dawo, ka nuna mini inda ake jonawa."

Darasi: Kowane gari da irin sanyinsa, kuma gwanintar jiya ba ta hana tambayar yau. Kada girman kai ya sa ka yanke abin da ba ka san amfaninsa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman sababbin zuwa.